Sapawi Direba da Uwar da Ta Rasa Jiha

Sapawi ɗan Mat Jusoh ya haura shekara talatin yana tuƙa babbar bas daga Kota Bharu zuwa kudu, kuma duk tsawon wannan lokaci bai taɓa ɗaukar iyakar jiha a bakin komai ba. A wurinsa allo ne a gefen titi, mai hoton tuta da sannu da zuwa. Yakan wuce shi yana taunar gyaɗa. Sai da ya ajiye tuƙi, furfura ta gama da kansa, sannan ya gano allon nan yana da haƙora.

Ƙauyenmu ɗaya, a bayan Pasir Mas. Ni na koya wa 'ya'yansa lissafi a firamare, ban kuma ce na yi nasara ba. Shi ne babba cikin 'ya'ya uku na Mek Som, wadda ta yi rabin rayuwarta tana sayar da dafaffiyar shinkafar da muke kira nasi kerabu a kasuwa. Ubansu mai tsagar itacen roba ne. Ya rasu ya bar gidan katako, da wuƙar aiki, da suna mai kyau. Sunan ne ya fi komai nauyi a cikin gadon, kuma Sapawi ne ya ɗauka.

Mutum ne mai guga. Ko kifi zai sayo sai ya goge riga. Ban taɓa jin ya ari ko ashana ba. In ka tambaye shi lafiya, yakan ce alhamdulillah tun ba ka rufe baki ba. Shekarar da ambaliya ta shiga gidansa har ƙugu, masu kwalekwalen ceto suka tarar da shi zaune a kan tebur, suka ce yaya ake ciki, ya ce lafiya lau, su duba maƙwabta.

Bayan rasuwar uban, 'ya'yan suka zauna suka raba uwarsu. Ba da mugun nufi ba. Nani, ta tsakiya, tana aure a Klang, jihar Selangor. Ripin, autansu, yana walda a wurin ƙera jiragen ruwa a Johor. Kowa na son ladan, babu mai yarda a bar shi a baya, sai aka yi adalci: wata huɗu a ƙauye, huɗu a Klang, huɗu a Johor. Sapawi ke jigilar. Yakan zaunar da ita a kujerar bayan direba, da jakarta, da kwalbar budu, miyar kifinmu, a naɗe cikin tawul, don ta ce miyar kifin mutanen kudu ruwan wanke kwano ce.

Ƙauye ya yaba ƙwarai. Tok Imam yakan kawo su misali a karatun bayan magariba. Iyaye mata suka riƙa zagin 'ya'yansu da sunan Sapawi. Mek Som kuwa takan dawo kowace shekara da sabon zane da sabon ƙorafi, alamar ana kula da ita. A wani zamanta na Klang ne Nani ta kai ta aka sauya adireshin katin shaidarta zuwa can, don sauƙin zuwa asibiti. Ba wanda ya ƙara tuna zancen.

A Johor ciwon ya kama ta. Ƙafafu suka kumbura, abinci ya ƙi zama. Likita ya ce ƙoda ce, sai wanki sau uku a mako, har iyakar rai. A asibitin gwamnati layi ya yi tsawo. A cibiyoyin waje akwai gado, sai dai da kuɗi. Lokacin Sapawi ya riga ya bar aiki, ciwon suga ya taɓa masa ido, abin da aka sallame shi da shi kuma ya tafi a aurar da 'ya da gyaran kwanon gida, wanda bai gyaru ba.

Suka biya na ɗan lokaci. Babur ɗin Ripin ya tafi. Sarƙar Nani ta bi. Daga nan awarwaron zinariyar Mek Som suka fara barin hannunta ɗaya bayan ɗaya. Aka ce mata an kai gyara. Ta ce to. Matar da ta tsufa a kasuwa ta san inda zinariya ke zuwa gyara.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ja Sapawi gefe ta ce masa baitulmali na biya wa marasa hali wankin ƙoda daga kuɗin zakka. Da ya ji kalmar zakka sai ya ce bari ya duba wani abu a waje, ya je ya tsaya yana kallon motocin mutane. Shi da yake kai tasa ta fidda-kai kowace sallah da riga gogaggiya, yana miƙawa da hannun dama. Amma mako ya zagayo, kuɗin wanki ya zagayo tare da shi, sai ya je.

A ofishin Johor wani saurayi mai ladabi ya juya katin, ya kira shi Pak Cik, wato kawu, ya ce, "Pak Cik, ai wannan 'yar Selangor ce."

A Selangor aka ce katin nasu ne kam, amma sai wanda ya zauna a jihar shekaru a jere. Aka tura wani ya tambaya a benen da Nani ke haya. Maƙwabciyarta, wadda ke son ta yi musu alheri, ta ce, "Tsohuwar nan? Ai 'yar gata ce! Ba ta wuce wata huɗu a nan, 'ya'yanta rububinta suke yi." Mutumin ya gode, ya rubuta.

A Kota Bharu, babban birnin jiharmu, ma'aikacin ya ji Mek Som, wadda ta ɗauka ofishin asibiti ne, tana faɗa da Sapawi a kan zafin ɗakin, ya yi dariya ya ce, "Tamu ce, da jin bakinta. Sai dai katin ba namu ba ne."

Sapawi ya ce, "Ni fa na ɗauka ƙasa ɗaya ce. Allah ɗaya, alƙibla ɗaya."

"Haka ne, Pak Cik. Sarakunan ne da yawa. Kowace jiha da majalisarta, kowace majalisa da tukunyarta."

Babu wanda ya ci musu mutunci, babu wanda ya yi musu ƙarya. Kowa ya ba su kujera, wani har da ruwan sha. Abin da ya fito fili shi ne, shekarun nan na biyayya da ake wa'azi da su sun mai da Mek Som baƙuwa a jiha uku.

Aka yi ta a waya. Nani na kuka tana cewa, "Wato Abe, ni ce na ɓata, ko? Faɗi kawai, ni ce." Abe shi ne yadda ƙanne ke kiran wansu a wajenmu, kuma Nani na iya furta shi kamar tana jan kunne. Ripin ya ce shi dai a wurinsa ta kwanta, kada a ce matarsa ce ta ba ta gishiri. Sapawi ya bar su suka gaji, sannan ya ce Mek za ta dawo gida ta zauna, a mai da katin ƙauye, rabo ya ƙare. Ofishin Kota Bharu suka ce tunda nan aka haife ta, nan gidanta yake, za su duba. Amma sai an turo wanda zai ga gidan da idonsa.

Bai gaya wa Mek Som ko wane ofis ne ba. Ya ce mata baƙuwa ce daga gari, a kan maganar asibiti. Matarsa Zaiton ta sani, kuma ita ma ba ta da niyyar yin wani shirin tarbar baƙuwar. Kofunan shayinta ne duk bakinsu ya ɓantare, sai ta leƙa gidan Cik Jarah, ƙawar Mek Som ta kasuwa, ta ari guda huɗu.

"Baƙi za ku yi?"

"Wata ce daga ofis."

"Daga ofis! Kuma a kan waɗannan kujerun naku za ta zauna? Ke Ton, ba ki da tausayin surukarki?"

A ƙauyenmu ba a barin maƙwabci ya ji kunya a gaban baƙo. Ba a kuma tambayarsa ko yana so. Da safen ranar Sapawi ya tafi gari karɓo magani. Kafin ya dawo an kwashe kujerunsa na roba an kai bayan gida, an jera na kushin. Nawa ne, matata ta bayar. An rataya labule mai fure a kan tabon ambaliya da ke bango. Bokitan tarar ruwan kwano sun ɓace. Wani ya kawo talabijin mai faɗin ƙofa, ba a ma haɗa ta da wuta ba. Ɗan Cik Jarah, da ya zo hutu da sabuwar mota, ya ga babu inuwa a gidansu, ya shigar da ita ƙarƙashin gidan Sapawi. Mata sun gasa kaza, sun toya akok, wainar ƙwai mai zaƙi, ƙanshi har masallaci.

Cik Jarah da kanta ta shirya Mek Som. Ta dubi hannunta ta ce, "Som, haka za ki fita tsirara?" Ta zare awarwaronta shida ta zura mata. Macen Kelantan, jiharmu, ba ta gaida baƙo da hannu wayam, ko da kuwa hannun cike yake da tabon allura.

Ina tsaye a gindin matakala lokacin da Sapawi ya sauka daga motar haya. Ya dubi motar da ke ƙarƙashin gidansa. Ya hau ya dubi talabijin. Cik Jarah ta ce, "Yaya, Wi? Mun fitar da kai kunya?"

Ya ce, "Allah ya saka da alheri."

Baƙuwar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yarsa ba, da farin mayafi da fayil a ƙirji. Ustazah ake ce mata. Ta cire takalmi, ta gaida kowa, ta sumbaci hannun Mek Som, awarwaro suka yi ƙara. Aka cika mata faranti. Ta ce aiki take yi, aka ce aiki ba ya hana ci. Ta ci kaɗan, aka ƙara mata.

Ta ce, "Mek, 'ya'ya suna kula da ke?"

An taɓo wa Mek Som inda ke mata ƙaiƙayi. Ta gyara zama. Ta ce autanta jiragen ruwa yake ƙerawa a Johor, manya, masu zuwa Makka. Mijin 'yarta kuma a filin jirgin sama yake, babu jirgin da ke tashi bai sani ba. Gaskiya ne, amalanken kaya yake turawa. Wannan kuma, ta nuna Sapawi da haɓa, babu garin da bai taka ba a ƙasar nan, kuma bai taɓa kwana da bashin kowa ba.

"To akwai abin da kuka rasa? Abinci, magani, kuɗin asibiti?"

"Mu? Alhamdulillah. Ƙara kaza, 'yata, kin rame."

Ustazah ta juya ta dubi Sapawi, ta ɗan daɗe tana dubansa. Yarinyar ba sakarya ba ce, ta ga igiyar talabijin na lilo. Amma ɗakin cike yake da mata, tagogi cike da kawuna. Sapawi ya dubi tabarma ya ce, "Alhamdulillah."

Ya raka ta bakin mota. Ta rage murya ta ce, "Pak Cik, abin da idona ya gani shi zan rubuta. Mota, zinariya, kayan ɗaki. In akwai abin da ban gani ba, yanzu ne lokacin faɗa."

Ya buɗe baki. Sai ga Cik Jarah ta taho da ƙunshin kaza da akok na guzuri, mata biyar a bayanta, kowa na murmushi.

Ya ce, "A gaida mutanen gida."

Kafin la'asar kowa ya zo ya kwashe kayansa. Bokitai suka koma mazauninsu. Ba a daɗe ba aka bugo waya aka ce, cikin ladabi, gidan bai cika sharaɗi ba.

Sapawi ya same ni ina ba kaji dusa. Ya tsaya ya yaba kajin, ya yaba dusar, ya tambayi ciwon gwiwata. Da abin yabo ya ƙare sai ya zauna a kan turmi ya gaya mini komai, yana kallon kajin.

Na ce, "Ai sai ka koma ka roƙi a sake zuwa."

"Na je, Cikgu. Ta ce za ta dawo." Cikgu suke ce mini har yau, ko da yake na daɗe da ajiye alli. "Amma in suka ji za ta dawo, wannan karon saniya za su yanka."

"To ka ce kada su kawo komai."

"Su ce don me?"

Nan gizo ke saƙa. Babu yadda za ka hana mutanen ƙauyenmu yi maka alheri sai ka gaya musu dalili. Na ce in yana so ni zan zagaya in faɗa. Ya girgiza kai ya ce uwarsa ce, bakinsa ne ya ƙi buɗewa ranar nan, shi zai buɗe.

Washegari ya goge riga ya fita. Ya bi gida gida. Daga barandata ina hango shi yana hawa matakala, yana sallama, yana tsayawa a bakin ƙofa ba ya zama. Magana ɗaya yake yi ko'ina: baƙuwar nan daga baitulmali take, zakka yake nema wa Mek, don ya kasa, yana roƙo ranar da za ta dawo a bar gidan yadda yake. A wasu gidajen maza suka riƙa kallon ƙafafunsu kamar su ne masu roƙon. Tok Imam ya yi tari ya ce ai hakki ne, Allah ne ya tsaga, babu abin kunya, ya faɗa har sau uku, wanda ya nuna akwai.

Cik Jarah ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Wato mu muka yanka ka? Kai Wi, bakinka ɗinke yake? Ka tsaya kana mana Allah ya saka, ashe wuta muke hura maka!" Ta fara kuka, ta koma zaginsa, ta ce tun yana yaro haka yake, ko ƙaya ta soke shi sai ya ce takalmi ne ya matse. Sannan ta tambaya ko aƙalla za ta iya kawo ayaba. Ya ce a'a. Ta ce ko 'yan ƙanana. Ya ce a'a.

Ƙofa ta ƙarshe a cikin gidansa take. Zaiton ce ta ba matata labarin, matata ta ba ni. Mek Som na kwance, ta dawo daga wanki, jiki babu ƙarfi. Ya durƙusa a gefen katifa ya faɗa mata.

Can ta ce, "Zakka. Ni da nake auna wa mutane."

"Mek."

"Kowa ya ji?"

"Ni na gaya musu."

"Da bakinka?"

"Da bakina."

"Da ka bar ni a Johor na mutu inda ba a san ni ba, da ya fi mini."

Ya ce, "Wannan ne ba zan iya ba, Mek."

Ta juya fuska bango. Ba ta ci abincin dare ba, ba ta kuma yi masa magana ba har ranar da Ustazah ta dawo.

Ranar ƙauye ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Ko yara an tsare su a ɗaka. Ustazah ta zauna a kujerar roba mai ɗaurin waya a ƙafa, ta dubi tabon ambaliya, ta dubi bokitai. Ni aka kira shaida. Mun ɗauka Mek Som ba za ta fito ba, sai ga ta ta dafo bango, da tsohon zane, ta ja mayafi ta rufe hannayenta har yatsu. Ta zauna nesa.

Ustazah ta yi tambayarta kamar ba ta taɓa yi ba. "Mek, akwai abin da kuka rasa?"

Mek Som ta ce, "Tambayi mai gidan. Shi ya iya faɗa."

Sapawi ya miƙe tsaye, ko da yake ba wanda ya ce ya tashi. Ya ce ba shi da aiki, idonsa ya tafi. Ƙannensa sun sayar da abin sayarwa. Zinariyar ranar nan ta aro ce, motar ma, kujerun ma. Kuɗin wankin mako mai zuwa ba ya hannunsa, bai kuma san inda zai samo ba. Ya faɗi duka da murya ɗaya, irin wadda yake sanar da fasinja an iso tasha. Da ya gama bai san yadda zai zauna ba, sai ya ci gaba da tsayuwa.

Mek Som ta ce, "Ton, ba yarinyar nan shayi. Ko gidan maroƙa ana shan shayi." Aka kawo a kofi mai ɓantararren baki. Ustazah ta shanye tas.

An amince. Baitulmali ke biyan wankin yanzu, a wata cibiya a Pasir Mas, kuma Mek Som ba ta ƙara ƙetare allon gefen titi ba. Nani da Ripin su ke zuwa, in sun sami na mota. Tok Imam ya sauya misali, yanzu daga littafi yake kawowa. Mek Som ta koma yi wa Sapawi magana, yawanci a kan gishirin miya, wanda likita ya hana.

Mutanen ƙauyenmu masu kara ne. Ba wanda ya taɓa tayar masa da zancen. Suna yin shirun da ƙarfi har ana jinsa daga bakin titi. In ya shigo wurin mai shayi sai hira ta koma kan ƙwallo, har da waɗanda ba su san launin ƙwallo ba. Ya daina zuwa. A masallaci ya koma sahun baya, kusa da ƙofa.

Sai kuma aka fara ajiye abu a matakalarsa. Wata rana ƙullin shinkafa, wata rana kifi, wata rana ƙwai a cikin jarida. Babu sallama, babu suna. Zaiton ta ce a karɓa, ai ba a mai da hannun kyauta baya, kuma ba a san ma inda za a mayar ba. Yakan sauko ya ɗauka ya shige da sauri. Da ya san mai kawowa, da mutum ɗaya zai riƙa kauce wa ido. Tunda bai sani ba, duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya sunkuyar da kai.